Dillalin da Ba Shi da Gida

Daga ƙofar shagona a Rikoto zuwa bakin tasha, lemar POS ta fi goma yanzu. Ƙarƙashin kowace akwai saurayi ko budurwa da kujerar roba da waya a hannu. Wasunku kan shigo wurina yin fotokwafi, su hangi tsohuwar tafiretar da ke kan kabad, su kwashe da dariya su ce, "Baba Ishaya, wannan ai sai gidan tarihi." Ku yi dariyarku, ba ta dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne kun ɗauka sana'ar nan danna maɓalli ce da cire caji. To ku gyara zama in faɗa muku yadda na zubar da abin da na yi shekara talatin ina tarawa, wato yardar mutane. Ba ɓarawo ne ya fasa min shago ba, ni na buɗe ƙofa da hannuna da rana tsaka.

A wurin Malam Umaru na koyi aiki, wani mutumin Jega da ke kafa tebur a gindin dogon yaro gaban gidan waya yana buga wa mutane wasiƙa. Zamanin da sojojinmu ke Laberiya ne, kuma a ƙasar Zuru gida ɗai-ɗai ne ba shi da soja. Mata kan sauko daga Dabai da ƙauyukan kan tudu su jeru a benci, kowace da maganar da take so a kai wa mijinta: an haihu, dawa ta yi kyau, uwarka ba lafiya, turo kuɗin makaranta. Wata uku Malam bai bar ni na buga ko harafi ɗaya ba. Aikina in wanke haruffan tafireta da tsohon buroshin haƙori da kananzir, in juya ribin idan ya bushe, in jera takarda da kabon. Ranar da na sa kabon a juye, kwafin ya fito a bayan takardar asali, sai da ya sa na yi awa guda ina jera takarda ina warewa a gaban matan nan suna yi min dariya.

Wata Laraba wani mutum ya zo da babbar riga mai aiki, yana so a buga masa takardar sayen gona, amma a sa kwanan wata na shekara biyar baya.

"Mai gonar shina ina?" in ji Malam.

"Ya rasu bara."

"To in ya tashi ku taho tare."

Mutumin ya ninka kuɗin aiki. Malam ya jawo ƙyalle ya rufe tafireta, ya ɗauko goronsa ya ɓare. Bayan mutumin ya tafi yana zage-zage, sai ya dube ni ya ce, "Ishaya, bugu ba wuya, biri ma in an koya mishi shina yi. Aikin ga, sanin abin da ba ka bugawa ne. Mutanen ga ba su karatu, idonka sunka ara. In ka ce musu fari ne, fari za su kai gida."

Daga baya tafireta ta ba kwamfuta wuri, na kama shago, na sayi janareto da injin fotokwafi na hannu. Kayan aiki suka yi ta canjawa, mutanen dai su ne. Matar da na buga wa wasiƙa jiya, yau ɗanta nake cike wa fom ɗin shiga soja, gobe mijinta nake yi wa takardun fansho. Kowane kayan aiki da halinsa. Da damina takarda kan sha sanyi ta riƙa maƙalewa a inji, sai ka shanya ta kusa da janareto ta ɗan ji ɗumi. Tsohon manomi in ya zo tantancewa, na'urar ɗaukar yatsa ba ta ganin komai, don ƙotar fartanya ta cinye zanen yatsan. Ku in ta ƙi sau biyu sai ku ce "Baba, netwok ne, dawo gobe," mutumin da ya biya babur tun daga Ribah. Ɗan man kaɗe ake shafa masa a goge, a ce ya ɗora a hankali kada ya danne, sai ta karanta. Babu makarantar da ke koyar da wannan.

Takardun sallamar Saje Markus na cikin ayyukan da suka fi ba ni wahala. Mutumin Dabai ne, dogo, mai magana kamar yana fareti, kuma sai da ya cika shekarun aikinsa cif kafin ya ajiye kaki. Na cike masa fom ya fi a ƙirga, aka dawo da wani saboda hoto, aka dawo da wani saboda sa hannu. Da kuɗin sallama suka fito, da kansa ya zo ya sanar da ni, ya kawo min zakara. Ya ce zai cire jinkar ɗakunansa ya sa kwano, ya sayi shanun huɗa biyu, sauran ya ajiye. Mutum ne mai haƙuri da taka-tsantsan. Kafin ya shiga soja sai da ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai a al'adarmu, shekara bakwai yana duƙe a gonar mutane kafin a ba shi matarsa. Matar ita ce Mama Rifkatu, mai awon dawa da gero a kasuwa. Tana cikin matan da suka yi min dariya ranar kabon, kuma tun daga lokacin duk takardar da ta shiga gidansu ni ke karanta mata.

Kuɗin Saje sun fito ne a shekarar da aka sauya fasalin naira. Wasunku a lokacin kuka fara, kun ma ci riba, amma ni shekarar ta kwantar da ni. Takardar kuɗi ta ɓace, ga shi ni ma da POS nake aiki a shago. In tashi da sassafe in bi gidajen mai da masu hatsi ina roƙon su sayar min da tsabar kuɗi, in samu kaɗan, kafin azahar sun ƙare. Hanyar Ribah ta lalace da tsoron 'yan bindiga, mutanen da ke zuwa min daga can suka ɗauke ƙafa. Ana cikin haka injin fotokwafi ya mutu, mai gyara ya ce sai an aika Kaduna. Sai in wuni a shago ina korar ƙuda. Ba ina faɗa muku don ku tausaya min ba ne. Ina so ku san irin ranar da shaiɗan ke zaɓa ya yi sallama.

A irin wannan rana Habila ya shigo da kwamfutarsa a jaka, wai zai sa caji. Ɗan ƙanen Saje ne, ya haura talatin, ya gama jami'a, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Yana da kai, ba laifi, amma irin kan nan da ke ganin kowa wawa ne. Ya zauna ya yi ta danne-danne, can sai ya ce, "Baba, zo ka ga inda manya ke cin kasuwa."

Kasuwar duhu suke ce mata. Ba ta inda kowa ke shiga intanet ake shigarta ba, tana da tata ƙofar, kuma kada wani ya tambaye ni hanya don ba zan nuna ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsarinta. Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro, sai na ga kasuwa tsaf, kowa da rumfarsa da hoton kayansa da farashi. Wannan yana sayar da katin banki wai cike da daloli. Wancan jabun kuɗi, har da hoton hannu yana baje su. Wani kuma taransifa yake sayarwa: ka biya kaza, cikin kwana bakwai a turo maka ninki huɗu a asusunka. A ƙarƙashin kowace rumfa ga taurari, ga maganganun waɗanda wai sun saya, kowa na godiya yana sa albarka.

"Habila, wannan ai kayan sata ne," na ce.

"Baba, kuɗin bankunan Turai ne. Suna da inshora, ko an cire a ranar ake mayar musu. Ba wanda zai kwana da yunwa."

Da Malam Umaru ne, da tuni ya jawo ƙyalle. Ni kuwa kujera na jawo. Na ce, "To in ka biya suka gudu fa?"

"Ai shi ya sa akwai dillali. Ba mai kaya kake ba kuɗin ba. Dillalin kasuwar ke riƙewa, sai kayanka sun iso ka ce ka gani, sannan ya sakar wa mai kaya."

A nan aka kama ni, kuma a nan aka kama Saje daga baya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba ka miƙa wa baƙo kuɗin sa hannu da hannu. Dillali ke shiga tsakani, shi ke riƙe kuɗi, shi ya san daga garken da aka fito da dabbar, kuma in ta fito ta sata shi za a fara kamawa. Mun saba in akwai dillali da shaidu, hankali ya kwanta. Masu kasuwar nan ba su taɓa jin sunan Zuru ba, amma kamar don mu suka gina ta.

Habila ya ce a gwada da dubu ashirin. Asusunsa ƙarami ne, in kuɗi masu kauri suka shiga banki zai yi tambaya, amma nawa na kasuwanci ne, shiga da fita ba ya ɗaga hankalin kowa. Ni za a ba ni kashi ɗaya cikin goma. Na yarda. Da hannuna na sayi kuɗin intanet ɗin nan, kirifto, na tura inda aka ce. Washegari ina share ƙofar shago wayata ta yi ƙara, alat ɗin dubu tamanin. Na duba sunan mai turowa, sai na ga ba Bature ba ne. Wata Asabe ce, daga wani banki na nan ƙasar. Na gani sarai, na kau da kai, na ce wa raina wataƙila haka suke bi da su.

Kwana biyu bayan haka Habila ya kawo Saje, Mama Rifkatu na biye da su da kwanon awonta a hannu, don daga kasuwa suka biyo. Saje ya sa tabarau ya zauna gaban kwamfuta kamar mai duba taswirar yaƙi. Habila na karanta masa maganganun masu saye yana fassarawa.

"Shaidu nawa ke nan?" in ji Saje.

"Sun fi ɗari, Baba."

"Dillali akwai?"

"Akwai."

"An gwada?"

"An gwada, ga Baba Ishaya nan."

Saje ya cire tabarau ya ce, "To ciniki ya hau hanya." Mutumin da ya yi shekara bakwai yana noma don a ba shi mata, ga shi ya yarda kuɗi za su haihu huɗu cikin kwana bakwai.

Mama Rifkatu ba ta zauna ba. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Dillalin ga, ina gidanshi?"

Habila ya yi dariya. "Mama, intanet ne. Ba shi da gida."

"Ɗan wa ne? In saniya ta fito ta sata, wa za mu kama?"

"Ke, wannan ba awon dawa ba ne," in ji Saje. "Bar masu boko su yi aikinsu."

Ba ta kula shi ba. Ta juyo wurina ta ce, "Ishaya, kai munka sani. Tun Saje na Laberiya kake karanta mini takarda. Abin ga gaskiya ne ko ƙarya?"

"Mama, na ga kuɗin da idona, asusuna suka shigo."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka tsaya mishi?"

Ku yaran yanzu kuna faɗar kalmar nan kamar gaisuwa. A wurinmu in mutum ya ce ya tsaya wa wani, ya ɗora sunansa ne a kan maganar, in ta ɓaci shi ne. Na san nauyinta. Na kuma san kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Saje zai dawo min da injin fotokwafi har da saura. Na dubi matar nan na ce, "Na tsaya."

Ta gyaɗa kai ta ɗauki kwanonta ta fita.

Banki ba ya barin a fitar da kuɗi masu yawa rana ɗaya, saboda haka kwana uku muka yi muna turawa. Wannan kwana ukun ya fi komai ci min rai har yau. Sau uku Saje ya hau babur daga Dabai, sau uku na buɗe kwamfuta, kuma kowace safiya ina da damar in ce a dakata. Ranar ta uku ya bar ɗan abin da zai sayi taki, sauran duk muka tura.

Kwana bakwai suka cika shiru. A na takwas saƙo ya zo daga dillali, da ladabi kamar ma'aikacin banki: kuɗinku suna nan lafiya, amma da yake suna da yawa sai an biya inshora kafin a saki kaya. Saje ya fitar da buhunan dawar da ya ajiye don damina ya sayar. Aka biya. Sai wani saƙo, wai taransifar ta maƙale a hanya, ana buƙatar kuɗin buɗe ta, kuma in ba a biya cikin kwana biyu ba komai ya bi ruwa. Habila ya sayar da babur ɗinsa. Ku lura da yadda suke yi: ba sa ce maka babu, kullum saura ƙiris. Wanda ya riga ya zuba da yawa kuwa ba ya iya juyawa, don juyawa na nufin ya yarda an cuce shi. Wata ranar Litinin Habila ya buɗe kwamfuta, kasuwar gaba ɗaya babu ita, rumfuna da taurari da dillali sun yi layar zana.

Ko mako ba a yi ba wasu suka aiko masa da saƙo, wai su masu ƙwato wa mutane kuɗinsu ne daga 'yan damfara, a biya su kaɗan su fara aiki. A nan ne na farka. Na ce masa ko kwabo ba zai sake bi ta na'urata ba. Ya fita yana huci, na ji daga baya ya je wata lema ya tura musu kuɗin wayarsa da ya sayar.

Abin da na gane, bayan ya zama ba shi da amfani, shi ne mai kaya da dillali da shaidu ɗarin nan duk mutum ɗaya ne, ko gungu ɗaya. Su suka buɗe rumfar, su suka rubuta godiyar, su suka ba kansu taurari. Katin da jabun kuɗin hoto ne kawai. Kuma sun zaɓi sana'a mai kwanciyar hankali, domin duk wanda suka cuta ya zo sayen kayan sata ne. Wa zai shiga caji ofis ya ce na biya a sato min kuɗi an ƙi kawowa? Saje da ya yi yaƙi a ƙasashe biyu, ko ƙara bai kai ba, ya koma Dabai.

Na ɗauka an gama ke nan. Ranar kasuwa wata dattijuwa ta zo, ɗanta soja ya turo mata kuɗi ta asusuna don ta karɓi tsaba. Alat ya shigo, na zo in motsa kuɗin, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na kira banki aka ce an rufe asusun, akwai ƙorafi a kansa. Mutane takwas ko tara na tsaye a layi suna jin abin da nake faɗa a waya. Kafin la'asar labari ya kai tasha, kafin Lahadi ya kai majami'a. Kwana huɗu bayan haka takardar gayyata ta zo daga 'yan sanda, aka ce in bayyana a Birnin Kebbi.

Jami'in da ya karɓe ni matashi ne, sa'an ɗana na fari. Bai daka min tsawa ba, har ruwa ya ba ni. Ya tambayi sana'ata na faɗa masa. Ya ce, "To Baba, tunda aikinka ne, karanta wannan da kanka." Ya zaro takarda daga fayil ya tura min.

Takardar ƙara ce daga wani gari a jihar Neja. Asabe ce ta kawo ta. Mijinta malamin firamare ne, ya rasu, an biya ta haƙƙinsa, sai wasu suka kira ta a waya da sunan banki suka karɓi lambobinta suka kwashe komai. Suka rarraba kuɗin asusu-asusu, dubu tamanin suka faɗo nawa. Wato abin da aka turo mana don mu yarda, daga bakin marayu aka ciro shi. Babu Bature, babu inshora.

Amma ba wannan ne kaɗai ya taɓa ni ba. Takardar kanta ce. Wanda ya buga ta ya san aiki. Ya bar gefe daidai, ya sa adireshi inda ya kamata, ya jera maganar matar yadda mai karatu zai gane ba tare da ya ƙara mata gishiri ba. A ƙasa ya rubuta cewa an karanta wa mai ƙara cikin Hausa ta amince, sannan ga dangwalen yatsanta da shuɗin tawada. A wani shago irin nawa aka buga ta. Wata mata ta zauna a benci irin nawa tana kuka, wani ɗan'uwana a sana'a ya saurare ta ya buga, kuma a layi na tara ga lambar asusuna. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Na faɗa wa jami'in komai, ban rage ba. Faston majami'armu ya zo ya yi belina. Na mayar da kuɗin Asabe cif, na sayar da janareto don in cika, na yi ta zirga-zirga tsakanin Zuru da Birnin Kebbi har aka gamsu ni ma ba a cikin gungun nake ba. Wata biyar ba ni da POS. Habila ya tattara ya tafi Legas, ba ya zuwa ko Kirsimeti. Gidan Saje har yanzu jinka ce, kuma da fartanya yake noma a shekarunsa. Na hau babur na je har Dabai na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, Ishaya. Ni na sa hannu, ba ka ɗaure ni ba." Maganar soja ke nan. Mama Rifkatu na zaune tana sussukar dawa, ba ta ɗago ba.

Saboda haka in wani ya tsaya a lemarku ya ce za a turo kuɗi ta asusunku ku cire masa ya ba ku kaso mai tsoka, ku tambaye shi wa ke turowa kuma kuɗin mene ne. In sunan da ya faɗa ya saɓa da wanda ya fito a alat, kada ku taɓa. In aboki ya nuna muku rumfar da ake sayar da kuɗi da kuɗi, ku tuna ba mai hankalin da zai sayar da dubu tamanin a dubu ashirin. Na san za ku ce ku ba za a yi muku ba, kun fi ni sanin waya. Habila ma ya fi ni saninta nesa ba kusa ba.

Da na samu sabon asusu na sake buɗe POS, mutane suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma har yau ta gabana suke wucewa zuwa wurinku. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Mama Rifkatu. Raina ya yi fari, na miƙe na ba ta kujera. Ta kwance katinta daga bakin zani ta miƙo, ta faɗi abin da take so a cire. Na sa kati, na tsaya ina jira. Tun ranar da aka fara ba ta kati, ba ta taɓa danna lambar sirrinta ba. Da baki take faɗa min, a gaban kowa, ni in danna, don ta ce sirrinta da ni ɗaya ne.

"Miƙo abin," ta ce.

Na miƙa mata na'urar. Ta juya min baya, ta ja gefen mayafinta ta rufe. Ina jin ƙarar maɓallin a hankali, ɗaya, shiru, ɗaya. Ta yi kuskure, na'ura ta ƙi. Ta sake.

"Mama, kawo in taimaka miki."

"Bari, Ishaya. Jikata ta koya mini."

A karo na biyu ta wuce. Na ba ta kuɗinta, ta ƙulle a bakin zani tare da katin, ta ce in gaida gida. Har yau wurina take zuwa cirar kuɗi duk ƙarshen wata, kuma har yau baya take juya min.